Babi na Shida: Farfaɗo da Mellotron, Kayan Kiɗan da Muryarsa ke Kan Tef

Mellotron kayan kiɗa ne mai maɓallai farare da baƙaƙe irin na fiyano, sai dai a cikinsa babu tsirkiya, babu bututun iska. Abin da ke ƙarƙashin kowane maɓalli shi ne zaren tef guda, ɗan'uwan wanda ke cikin kaset, ɗauke da sautin makaɗi na gaske: mai goge, ko mai sarewa, ko ayarin mawaƙa, an naɗe su suna riƙe da murya ɗaya tak. Da an danna maɓalli sai tef ya kama tafiya a kan hed, wato ɗan ƙarfen da ke karanta sauti, muryar ta fito na kimanin daƙiƙa 8 sannan ta yanke. Da an ɗaga yatsa sai sifirin ya fizgo tef ɗin ya mayar da shi mafari. Samfurin da ya fi yawa, M400, maɓallansa 35 ne, ke nan rikoda 35 ne a akwati ɗaya, inji guda ke jan su duka. Daɗin sautinsa daga wannan tsari ya fito, yawancin cututtukansa ma daga nan suke. Saboda haka aikin mai gyara ya tattara ne a kan abu ɗaya: kowane tef ya yi tafiyarsa da gudu daidai, ba santsi ba cijewa, ya kuma dawo gida a kan lokaci.

Asali da ire-irensa

Dabarar ta wani Ba'amurke ce, Harry Chamberlin, wanda ya fara ƙera irin wannan na'ura a ƙarshen shekarun 1940, ya kuma ci gaba da yin su kaɗan-kaɗan a garin Upland na jihar Kalifoniya. A 1962 dillalinsa, Bill Fransen, ya ƙetara da guda biyu zuwa Ingila yana cigiyar wanda zai iya ƙera masa hed 70 masu amo iri ɗaya. Cigiyar ta kai shi ga wasu 'yan'uwa uku, Les da Frank da Norman Bradley, masu kamfanin Bradmatic a Birmingham. Da suka leƙa cikin na'urar sai suka ga za su iya ƙera wadda ta fi ta ƙwari. Eric Robinson, jagoran wata ƙungiyar makaɗa, da David Nixon, mai wasan dabo a talabijin, suka shigo cikin harkar, aka fitar da Mellotron na farko, Mark I, a 1963, Mark II ya biyo baya a 1964. Da labari ya kai kunnen Chamberlin sai aka zauna aka sasanta, aka biya shi haƙƙin ƙirƙirarsa. Masana'antar ta zauna a Streetly, a gefen Birmingham, inda kamfanin Streetly Electronics ya samo sunansa.

Mark II ƙaton akwati ne mai nauyin kusan kilo 160, da jerin maɓallai biyu gefe da gefe, kowanne 35, farashinsa a lokacin fam 1,000. Don falon masu hali aka yi shi: hannun hagu ya ba da kiɗan rakiya, na dama ya ba da waƙa. Amma samarin kiɗan rok ne suka rungume shi. Sarewar da ta buɗe "Strawberry Fields Forever" ta Beatles a 1967 daga cikinsa ta fito. Mike Pinder na Moody Blues, wanda ya taɓa aiki a masana'antar Streetly, da shi ya cika "Nights in White Satin" da sautin goge. King Crimson sun gina faifansu na farko a kansa a 1969, a shekarar kuma Rick Wakeman ya kaɗa shi a "Space Oddity" ta David Bowie. Abin da aka ƙera don zaman falo sai ya koma hawa da sauka a motar kaya, daga wannan gari zuwa wancan. Raunuka da yawa da masu gyara ke tararwa yau tabon wannan yawo ne.

An fitar da M300 mai maɓallai 52 a 1968, sannan M400 a 1970: farin akwati, nauyi kimanin kilo 55, da firam ɗin tef da ake iya cirewa a sa wani. An ƙera kusan 1,800 nasa. Daga tsakiyar shekarun 1970 rikicin mallakar suna ya tilasta wa Streetly sayar da kayansa da sunan Novatron, alhali cikin bai sauya ba. Zuwan na'urorin da ke adana sauti a kwamfuta, irin su Fairlight a 1979 da Emulator a 1981, ya kashe kasuwar, masana'antar ta rufe a 1986. Da yawa daga cikin na'urorin suka ƙare a gareji da ɗakunan tarkace, shekara goma, ashirin, ko fiye. Tun da M400 ne aka fi kawowa gyara, a kansa bayanin zai fi tsayawa.

Yadda cikinsa ke aiki

In aka ɗaga murfin M400 aka cire jerin maɓallai, abin da ido zai fara gani shi ne zare 35 na tef mai ruwan ƙasa a jere, kowanne a layinsa. Faɗin tef ɗin kashi uku cikin takwas na inci ne, wajen milimita 9.5, girman da ba a saba amfani da shi a ɗakunan naɗar sauti ba. An raba faɗin gida uku, kowane gida da nasa sauti, ana kiransu A da B da C. Gudunsa inci 7.5 ne a daƙiƙa, wato santimita 19, ninki huɗu na gudun zaren kaset. A daƙiƙa 8 ke nan kusan mita ɗaya da rabi na tef ke wucewa.

A ƙarƙashin tef ɗin akwai doguwar sandar ƙarfe mai santsi da ta ratsa akwatin daga wannan gefe zuwa wancan. Ita ce sandar jan tef, kuma muddin na'urar na kunne tana juyi ba tsayawa. Injin lantarki ke juya ta da bel, a ƙarshenta kuma an ɗaura filawil mai nauyi don juyin ya zauna daram. Kusa da ita akwai jerin hed 35 a kan faranti guda mai zamewa hagu da dama, wanda da shi ake zaɓar A ko B ko C. In aka tsayar da shi a tsakani, sauti biyu su gauraye.

Kowane maɓalli dogon itace ne, a jikinsa an rataye abu biyu: ƙaramar tayar roba da ɗan filon ulu. Duk wanda ya taɓa leƙa bakin kaset ya san su: tayar da ke matse zare a jikin ɗan sandan rikoda, da ɗan soson da ke bayan zaren. In maɓalli ya sauka, tayar ta matse tef a jikin sanda sai sandar ta ja shi, filon kuma ya manna shi a fuskar hed. Tef ɗin da aka ja yana zuba a wani akwati da ke baya. Ragowarsa na rataye a ƙasa, ya zagaya wasu ƙananan tayoyi da sifirin ke riƙe da su, kuma wannan sifirin ne ke dawo da shi in an saki maɓalli. Da yake tef ɗin yana da farko da ƙarshe, kowace danna tana farawa ne daga farkon muryar, inda ake jin bugun numfashin mai sarewa ko kamun izgar mai goge. Wannan ne ya sa sautin ke da rai.

Binciken farko

Kuskuren farko da ake yi wa tsohon Mellotron shi ne jona shi da wuta don a ji ko yana yi. Kwandansan da suka shekara talatin ba su ga wuta ba suna iya fashewa, injin da man cikinsa ya daskare yana iya ƙonewa, tayar da ta manne da tef kuma tana iya tsinka shi cikin ƙiftawar ido. Don haka da ido da hannu ake farawa. A rubuta lambar na'urar, a ɗauki hoton kowane sashe da kowace waya kafin a kwance kusa ko ɗaya. A cire firam ɗin tef a ajiye shi gefe, nesa da lasifika da duk wani abu mai maganaɗisu. A juya filawil da hannu a saurara: in yana tafiya shiru, boris na da sauran rai, in kuwa yana gurnani ko yana cijewa a wuri ɗaya, akwai aiki.

Sai a duba ɓarnar ajiya. Ɓera na son akwatin da tef ke zuba, yakan yi sheƙa a ciki, ya ci waya, fitsarinsa kuma ya cinye ƙarfe. Danshi na barin fumfuna a kan tef da ulu, da tsatsa a kan sanda. Hayaƙin sigari na dandalin kiɗa yana barin wani danƙo mai ruwan goro a kan komai. Akwai kuma aikin masu gyaran baya: waya da aka tsallake, fiyus da aka maye gurbinsa da guntun ƙarfe, man da aka ɗiga inda bai kamata ba. Wani lokaci warware gyaran gangar Auzinawa da aka yi a 1975 ya fi gyaran ainihin cutar cin lokaci.

Lokacin cire maɓallai, a sa wa kowanne lamba da fensir a ƙasansa. Ga ido duk ɗaya suke, amma kowanne ya saba da mazauninsa.

Akwati da ƙashin ciki

Dukan kayan aikin M400 suna zaune ne a kan firam na alminiyam da aka ɗaure a cikin akwatin katako. In akwatin ya karkace, saboda faɗuwa ko danshi ko sakin gam a kusurwa, firam ɗin ma yakan murɗe, sandar da hed da maɓallai su daina kallon juna daidai. Karkatar da ba ta kai kaurin farce ba ta isa ta sa maɓallan gefe ɗaya su riƙa santsi, na ɗaya gefen su riƙa cijewa. Shi ya sa ake gama aikin kafinta kafin a taɓa saiti: a ɗaure kusurwoyi, a gyara ƙafafu, a tabbatar akwatin ya tsaya a miƙe a kan daɓe mai daidaito. Wanda ya yi saiti a kan karkataccen akwati zai sake shi daga farko.

Batun fenti ya rage ga mai abu. Wasu na son farin ya dawo fes, wasu na barin tabo da tambarin ƙungiyar da ta taɓa mallakarsa, don tarihin na'urar wani ɓangare ne na darajarta.

Inji, bel da sanda

Tsayin murya a Mellotron gudun tef ne kawai: in tef ya yi sauri murya ta tashi, in ya yi nawa ta faɗi. Kunnen mutum kuwa yana kama ƙanƙanin bambanci, musamman a doguwar muryar goge. Saboda haka wannan sashe shi ne zuciyar gyaran.

Ana ciro injin a buɗe shi, a duba gawayin da ke gogar cikinsa, a sauya wanda ya cinye, a share baƙin garin da ya taru, a sa wa boris mai kaɗan. A jikin injin akwai wani faifai mai haƙora da ke wucewa gaban ɗan hed na musamman. Yawan haƙoran da suka wuce a daƙiƙa shi ke gaya wa katin sarrafa gudu ko injin na sauri ko yana nawa, shi kuma ya rage ko ya ƙara masa wuta. Tazarar da ke tsakanin faifan da ɗan hed ɗin tana bukatar kulawa, don in ta yi faɗi katin ya makance, injin ya zabura. Katin da yawancin M400 na farko suka zo da shi, CMC-10, ya yi suna wajen rauni: murya na zamewa yayin da na'urar ke ɗumi, tana faɗuwa in an danna maɓallai da yawa lokaci guda, wani lokaci har da siririn kuka a lasifika. Akasarin masu gyara suna maye gurbinsa da katin zamani, su ajiye tsohon a cikin jaka tare da na'urar don kada tarihinta ya yanke.

Bel ɗin da ya bushe ko ya saki ana sauya shi. In an ɗaure sabon da yawa zai ci boris, in an sassauta zai yi santsi. Sandar jan tef kuma ana goge ta da sifirit da tsumma mai laushi har sai ta yi ƙyalli. Tsatsa ta sama-sama tana fita da gugar hankali. Wadda ta yi rami, ko sandar da ta ɗan lanƙwashe, aikin mai injin sassaƙar ƙarfe ce, domin duk zagaye ɗaya za a ji muryar ta yi rawa. Ƙa'ida ɗaya ba ta da togaciya a nan: mai ba ya taɓa fuskar sanda. Ɗigo ɗaya zai bi tayoyi ya bi tef, ya ɓata aikin mako guda.

Maɓallai, tayoyi da filoli

Nan ne aikin haƙuri yake, don komai sau 35 ake yinsa. A ɗauki maɓalli ɗaya a kife shi a kan tebur, a ture tayar robarsa da ɗan yatsa. Lafiyayyar taya takan yi 'yan zagaye da kanta kafin ta tsaya. Wadda ta tsaya nan take, ƙurar tef da tsohon mai sun daskare a gindinta, kuma ita ce ke sa murya ta riƙa karkarwa kamar mai jin sanyi. Ana wanke gindin da sifirit, a juya, a sake wankewa, har sai baƙin ruwa ya daina fita. Sai a matsa robar da farce. In ta lotsa ta dawo, tana da sauran aiki. In ta yi tauri tana ƙyalli kamar gilas, ko ta yi kwari a gefe ɗaya saboda daɗewa a danne, sai sabuwa. Da yawa sun gwammace su sauya duka 35 lokaci ɗaya don kamunsu ya zo iri ɗaya.

Filon ulu yana zaune a bakin wani siririn hannun ƙarfe mai lanƙwasa. Da tsufa ulun yakan baje, ya yi ƙyalli, ya tara datti, ko gam ya saki ya karkace. Dole ya sauka shimfiɗe a tsakiyar fuskar hed. In da gefe ya sauka, sautin A zai fito sarai, na C ya dushe. Ana miƙar da hannun da ya murɗe, a manna sabon ulu, a tabbatar gam bai ɓullo sama ba. Itacen maɓallin da ya kumbura yana gogar maƙwabcinsa ana ɗan rage shi, a kuma sabunta ulun da maɓallai ke sauka a kai, wanda shi ke ƙayyade zurfin dannawa.

Hed da lantarki

Ana share fuskar kowane hed da auduga da sifirit har sai audugar ta fito fara. Daga nan a cire musu maganaɗisu. Hed yakan tara maganaɗisu a hankali, ko nan take in an taɓa shi da sukundireba mai kama ƙarfe ko an auna shi da mita. Irin wannan hed yana ƙara shuu a sauti, kuma duk wucewar tef yana share masa kaifin murya, sharewar da ba ta dawowa. Na'urar cire maganaɗisu ana kunna ta ne daga nesa, a kawo ta sannu, a bi hed ɗaya bayan ɗaya, a janye ta sannu, sannan a kashe ta daga nesa. Ana yin wannan Mellotron na kashe, tef kuma ba ya kusa.

A fuskar hed akwai tsaga siririya wadda dole ta tsaya a miƙe, ta gitta tafiyar tef daidai. In ta ɗan karkata sautin zai fito kamar ta bayan bargo. Ana daidaita wannan da tef na gwaji mai siririyar murya, ana murɗa hed har sai amon ya kai iyakar ƙarfinsa. Farantin da ke ɗauke da su kuma a wanke 'yan tayoyin da yake zamewa a kai, a tabbatar yana tsayawa daidai kan kowane layi, kada goge ya riƙa leƙowa cikin sarewa ba a gayyace shi ba.

Lantarkin M400 ba shi da yawa: sashen wuta, katin gudu, da ƙaramar amfilifaya mai taransista da ke ɗaga raunannen amon hed. Ana sauya tsofaffin kwandansa, a sake sodar da ta tsage, a wanke makunnan ƙarar sauti da na tsayin murya, a sa fiyus mai ƙimar da ta dace, a sabunta igiyar wuta tare da tabbatar da wayar ƙasa. A duba inda aka saita zaɓin ƙarfin wuta, tun da na'urar da ta zauna a Amurka ba wuta ɗaya ta sha da ta Ingila ba. Kunnawar farko ana yinta ne ta na'urar da ke ƙara wuta sannu a hankali, ba tef a ciki, hanci na sansanar ƙauri.

Tef

Tsohon tef ya fi lalacewa a 'yan incin farko, domin kowace danna, gajeriya ko doguwa, nan take bi. Da an ɗaga shi a haske za a ga inda garin ruwan ƙasa ya goge, da inda ya tattare ko gefensa ya yi baki-baki. Ana samun sababbin tef da aka kwafo daga naɗin asali. John Bradley, ɗan Les, da abokin aikinsa Martin Smith sun farfaɗo da Streetly Electronics a Ingila, suna gyara suna kuma yin tef da kayan sauyi, har suka fitar da sabon samfuri, M4000, a 2007. A ɗaya ɓangaren David Kean ya mallaki sunan Mellotron da naɗe-naɗen asali, Markus Resch na Suwidin kuma ya fara ƙera Mark VI a 1999. Haɗin sautin da aka fi nema shi ne goge uku, sarewa, da ayarin mawaƙa takwas, maza huɗu mata huɗu.

Tsofaffin tef ba a zubar da su kafin a saurara. Wasu ƙungiyoyi sun sa an yi musu naɗi na kansu, wanda babu kwafinsa a ko'ina. Irin wannan ana kwafe shi a kwamfuta, murya bayan murya, sannan a adana zaren.

Kafin a zura sabo, a wanke firam ɗin: 'yan tayoyin ƙasa su juya ba cijewa, sifirin su zama ƙarfinsu ɗaya, layukan da tef ke bi su rabu da ƙura da kaifi. Ana zura zaren ɗaya bayan ɗaya da hannu mai tsabta, fuskar da ke ɗauke da sauti tana kallon hed, a kuma tsayar da alamar mafarin kowanne a wuri ɗaya. In mafari ya yi baya, za a danna maɓalli a ji shiru na ɗan lokaci kafin murya ta zo. In ya wuce gaba, an yanke kan muryar, sarewa ta koma kamar ogan.

Saiti

A saman kowane maɓalli akwai sukurori biyu, ɗaya na taya, ɗaya na filo, ke nan 70 a M400. Ana barin na'urar ta yi ɗumi tukuna. A sassauta su biyun, a danne maɓalli, a riƙa ɗaure na taya har sai tef ya fara tafiya ya kai ƙarshensa ba tare da ya tsaya a hanya ba, sannan a ɗan ƙara. Daga nan a sauko da filo har sai murya ta fito sarai, a ɗan ƙara shi ma. Tun da filo birki ne ga tef, sau da yawa sai an koma kan taya an sake taɓa ta. Gwajin gaskiya yana daƙiƙoƙin ƙarshe, lokacin da sifirin ya miƙe yana ja da dukan ƙarfinsa. Tayar da kamunta bai isa ba a nan take fallasa, murya ta yi ƙasa kamar rediyon da batirinsa ya kusa mutuwa.

Jarabar da ke kama sabon hannu ita ce ɗaure komai tamau don santsi ya ƙare. Garin neman gira sai a rasa ido: maɓallai su yi nauyi, inji ya wahala, hed ya cinye, tef ya mutu da wuri. Abin nema shi ne mafi ƙarancin matsi da zai yi aikin. In an gama ɗaya-ɗaya, a danna shida ko takwas tare a saurara ko murya ta zauna, a kuma saki a ga ko duk zaren sun koma gida da sauri iri ɗaya. Wanda ya yi jinkiri, ko dai layinsa na da datti ko sifirinsa ya gaji.

Abin da ya keɓanta da Mark II

Mark I da Mark II da M300 ba a cire musu firam. Dogon tef ne a naɗe a kan ganguna, an kasa shi zango-zango. A Mark II zango shida ne, kowanne da layi uku, a kan zare 70, jimilla naɗi 1,260. In an danna makunnin zaɓi, wani inji na daban ya juya gangunan da sarƙa har sai wata alama da ke kan tef ta ce masa ya tsaya. Akwai sakata da ke kulle maɓallai yayin wannan juyi. In sakatar ta lalace aka danna maɓalli ana cikin tafiya, ko injin ya wuce alamarsa, zare da yawa na iya tsinkewa lokaci ɗaya. Don haka ana gwada wannan sashe da tsofaffin tef marasa amfani kafin a amince masa da sababbi. Mark II kuma yana da da'irori masu kwalaben lantarki da ke aiki da ɗaruruwan bolt, kwandansansa na iya riƙe wutar da za ta kashe mutum bayan an zare soket. Wannan ɓangare na ƙwararre ne.

Aibi da hali

Shekaru da dama ana ɗaukar Mellotron a matsayin na'urar da ba ta riƙe murya. Kaso mai yawa na wannan suna rashin kulawa ne ya jawo shi, da wutar janareta a wuraren wasa, da ɗauko shi daga motar sanyi zuwa zafin fitilun dandali, inda raɓa ke kwanciya a kan ƙarfe tef ya manne. Na'urar da aka gyara da kyau tana zama daram. Amma akwai abubuwan da ke cikin jininta, waɗanda mai gyara ba ya taɓawa. Iyakar daƙiƙa 8 na nan, ita ce ta koya wa makaɗa salon tafiyar gizo-gizo, suna ɗaga yatsa ɗaya suna sauke wani don sauti ya ɗore. Kowace murya daban aka naɗe ta daga bakin mutum ko hannunsa, saboda haka wata ta fi maƙwabciyarta ƙarfi, wata ta ɗan kauce, a wata ana jin numfashi. Waɗannan suna cikin naɗin asali, kuma su ne abin da Radiohead da sauran makaɗan shekarun 1990 suka koma nema. Ma'aunin mai sauƙi ne: abin da ke kan tef hali ne, abin da taya ko sanda ko inji suka ƙara masa aibi ne.

Ajiya da kulawa

Bayan gyara, Mellotron na son ɗaki busasshe mai matsakaicin zafi, nesa da rana da bangon da ke tsattsafo da danshi, a rufe shi da mayafi saboda ƙura. Ba a ɗora kaya a kan maɓallansa, don taya za ta yi kwari. Zama ba aiki yana cutar da shi fiye da kiɗa, saboda haka a riƙa kunna shi a kai a kai, a bi maɓallan duka har ƙarshen tef. Lokaci-lokaci a share sanda da hed, a cire maganaɗisu, a taɓa sukurorin da suka saki. In za a yi tafiya da shi, a ɗauke shi a tsaye, kuma in ya fito daga sanyi a bar shi ya saba da ɗumin ɗaki kafin a ba shi wuta. Firam ɗin tef da ba a amfani da shi a ajiye shi cikin akwatinsa, nesa da lasifika da taransifoma. A cikin na'urar kuma a bar takarda mai ɗauke da ranar gyara, abin da aka sauya, da inda aka ajiye tsofaffin kayan, domin mai gyaran da zai buɗe ta nan gaba.